Samari da tramol: wane shiri ya cancanci a faɗaɗa shi?

Masu saurarenmu na Agye, Gazawa da Gidan Runji, da ƴan uwa da ke ci-rani, kun san halin da ake ciki. Da an gama girbi, samari sun koma fada. Fada ba laifi ba ce, shayi ne da hira. Amma a wasu wuraren can ake fara shan tramol, daga nan sai ƴan sace-sace, kuma a ƙauyukan kan iyaka na Gidan Runji iyaye na fargabar ƴan bindiga su ja yaransu.

Poroje kam mun gani da yawa. Abin tambaya shi ne wanne aka auna aka ga ya yi aiki.

Ga misali daga Monrobiya, babban birnin Laberiya. Masu bincike da wata ƙungiyar ƙasar, NEPI, sun tara samari 999, cikinsu har masu sata da masu saida ƙwaya. Ƙuri'a ce ta raba su gida huɗu. Wasu sun yi mako 8 suna koyon danne fushi da yin tunani kafin aikatawa, wasu aka ba su dalar Amurka 200 (ba dalarmu ta nan ba, sama da jika 100 ke nan), wasu suka samu duka biyu, saura ba komai. Kuɗi kaɗai bai daɗe yana tasiri ba. Waɗanda suka haɗa horo da kuɗi kuwa, bayan shekara 10 laifukansu sun ragu da kusan rabi in an kwatanta da waɗanda ba su samu komai ba. Masu horon ma, da yawansu tubabbun ƴan titi ne, shi ya sa ake jin maganarsu.

A Nijar muna da tushe. Shirin Illimin na UNFPA, tun 2013, yana tara ƴan mata a ƙarƙashin mace mai ba su shawara, kuma makarantar mazaje da ta faro daga Damagaram ta bazu. A ganina samari marasa aure ne ba su samu kasonsu ba.

Wurin faɗaɗawa ake ɓata abu. A mayar da mako 8 taron yini guda, a raba riguna, a ɗauki hoto. In poroje ya zo komin ɗinku, ku tambayi magajin gari: ina aka gwada shi, zama nawa za a yi, wa zai horar, kuma wa zai dawo bayan shekara ya duba yaran?