Ko Kun Sani? Gidan Man Da Ya Yi Kama Da Jirgin Sama

A birnin Asmara na ƙasar Eritiriya, ɗaya daga cikin gine-ginen da 'yan yawon buɗe ido suka fi tururuwar gani gidan mai ne. Sunansa Fiat Tagliero, kuma an ƙera shi ne tamkar jirgin sama mai shirin tashi.

Injiniya ɗan Italiya, Giuseppe Pettazzi, ya tsara shi, aka kammala a 1938. Yana da fukafukai biyu na kankare, kowanne tsawon mita 15, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya da ya tallafe su. Baƙo kan tsaya a ƙarƙashinsu ya ɗaga kai, ya ga wannan uban nauyi yana shawagi a bisa kansa.

Dalilin samun irin wannan gini a nan kuwa shi ne, a shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka na Italiya sun mayar da Asmara dandalin gwada sababbin salon gini, irin su silimar Impero ta 1937. Yawancin gine-ginen sun tsira daga yaƙin neman 'yancin Eritiriya na shekara 30. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.