Masu Ƙidayar Baƙin Tsuntsaye A Bakin Ruwa

Duk manomin shinkafa da ke fadamun Kogin Kaduna wajen Wushishi ya san waɗansu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da kan sauka bakin ruwa da kaka, su yi ta tsintar tsaba da ƙwari cikin taɓo. Da zafin bazara ya tsananta wajen Maris ko Afrilu, sai a wayi gari babu su. Ba 'yan ƙasa ba ne kamar dinya ko kirinjijiya. Baƙi ne daga Turai da arewacin Rasha, sun gudo wa sanyi, kuma kafin su koma sai sun yi ƙiba sosai, domin kitsen nan shi ne guzurinsu na ƙetare Sahara, tafiyar mil dubu da ɗoriya.

To, akwai mutanen da aikinsu ke nan ƙidaya su. Tun 1967 ake yin wannan ƙidaya a ƙasashe da dama cikin watan Janairu, lokacin da tsuntsayen suke zaune wuri guda. A Nijeriya kuwa, inda aikin ya fi ƙarfi shi ne fadamun Hadejiya da Nguru, musamman bayan da aka kafa shirin kare su cikin 1987. Har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filif, ya ziyarci tafkin Dagona cikin 1989.

Da asuba ake fita, wani lokaci cikin kwalekwale, da tabarau mai hangen nesa. Ba ɗai-ɗai ake lissafi ba, wa zai iya? Mai ƙidaya yakan ƙirga goma, ya auna faɗinsu da ido, sa'an nan ya bi garken goma-goma ko ɗari-ɗari, abokinsa na rubutawa. In shaho ya gifta garken ya tashi, sai a sake daga farko.

Wani zai ce aikin banza ne. Alhali kuwa lissafin tsuntsu lissafin ruwa ne. Tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974, da ta Chalawa cikin 1992, ambaliyar da kan cika fadamun nan ta ragu, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Inda littafin masu ƙidaya ya nuna tsuntsaye sun ƙaura, galibi masunta da manoman shinkafa na wurin sun riga sun fara kuka.