CIWON SAMAN CIKI: ABIN DA MAI CUTAR HANYAR MAƊACIYA YA KAMATA YA SANI

Mutane da yawa a ƙasar nan, da zarar sun ji ciwo a saman ciki sai su ce gyambon ciki ne, su nufi kantin magani. Wasu kan yi shekaru a haka, alhali kuwa ciwon daga hanyar maɗaciya yake tasowa. Wannan cuta tana daɗewa tare da mai ita, saboda haka wajibi ne ya san ciwon da za a lallaɓa a gida, ya kuma san wanda ba a kwana da shi.

Yadda ciwon yake samuwa

Kowace rana hantar mutum tana yin ruwan maɗaciya kimanin rabin lita ko fiye. Ruwan yakan taru a maɗaciya, idan an ci abinci kuma ya gangara zuwa hanji ta wata siririyar hanya wadda faɗinta bai fi na karan tsintsiya biyu ko uku ba. Aikinsa narkar da maiƙo. In hanyar ta tsuke ko ta toshe, ruwan yakan taru a baya, ya kumbura ta. Daga nan sai ciwo ya tashi a ƙarƙashin haƙarƙari na dama ko a bakin ƙirji, wani lokaci har ya haura kafaɗar dama. Yakan zo ne bayan cin abinci mai maiƙo, ya yi rabin sa'a zuwa 'yan sa'o'i, sa'an nan ya lafa.

Abin da ya fi kawo toshewar shi ne tsakuwar maɗaciya, wadda masu amosanin jini kan samu tun suna yara. Akwai kuma tabon da kumburi ko tiyata ya bari, da tsutsar ciki, da tsutsar hanta irin ta shanu. Ita wannan tana shiga mutum ne ta ɗanyen ganyen da ya tsiro a cikin ruwa ko aka yi masa ban-ruwa da ruwan da dabbobi ke shiga. Don haka masu sayen latas da sauran kayan lambu na fadama, kamar na bakin Lamurde da Mayo Gwoi a Jalingo, su wanke su sosai da ruwa mai tsabta, wanda ake dafawa kuma a dafa shi.

Abin da za a yi a gida

1. A riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a yini, maimakon a cika ciki sau ɗaya.
2. A rage ƙosai, da soyayyen nama, da kitse, da man shanu, a kuma sassauta hannu wajen zuba man ja ko man gyaɗa a miya. Tuwo, da kunu, da dafaffen kifi, da 'ya'yan itace sun fi dacewa.
3. A bar giya da burukutu gaba ɗaya, domin suna ƙara wa hanta wahala.
4. In ciwo ya motsa, a kwanta, a ɗora tsumma mai ɗumi a wurin, a riƙa kurɓar ruwa.
5. A rubuta ranar da ciwo ya zo, da abin da aka ci, da tsawon lokacin da ya yi. Wannan takarda tana taimaka wa likita ƙwarai.
6. Mai niyyar yin azumi, kowane iri ne, ya fara neman shawarar likitansa.

Gargaɗi game da magani

Kusan duk abin da mutum ya haɗiya, ta hanta yake bi. Farasitamol yana rage ciwo, amma in ya yi yawa yana lalata hanta. Baligi mai lafiya ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini, mai ciwon hanta kuwa sau da yawa rabin haka likita kan yanka masa. Ibuprofen da diclofenac suna iya jawo zubar jini a ciki ko su taɓa ƙoda. Kada a sha tiramol sai da takardar likita. Haka nan a guji jiƙo da sassaƙe na shawara, domin ba a san ƙarfinsu ba, hantar kuma ta riga ta jigata. Ƙaiƙayin jiki da cutar kan kawo yana da maganinsa a asibiti.

Alamu uku na hatsari

A shekarar 1877 wani likitan Faransa mai suna Charcot ya bayyana alamu uku da ke nuna ƙwayoyin cuta sun shiga toshasshiyar hanya: ciwo a gefen dama, zazzaɓi da makyarkyata, da shawara, wato idanu su yi ɗorawa. Fitsari kan yi duhu kamar ruwan shayi, bayan gida kuma ya yi fari-fari. Wanda aka ga haka gare shi, ko ciwonsa ya wuce sa'a shida bai lafa ba, ko amai ya ƙi tsayawa, ko hankalinsa ya fara gushewa, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Cutar tana iya shiga jini ta yi kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a ɗauka zazzaɓin sauro ne kawai a zauna.

Inda za a nemi taimako

A Jalingo akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha. Likita zai gwada jini, ya duba ciki da na'urar hoto wadda ba ta da zafi. Wani magani zai ishe shi, wani sai an cire maɗaciyar, mutum kuwa yana rayuwa lafiya lau ba tare da ita ba. Wani kuma za a tura shi babban asibiti inda ake zura bututu ta baki a buɗe hanyar ba tare da an tsaga ciki ba. Mutanen nesa, kamar na Gembu, da Takum, da Wukari, su tanadi kuɗin mota da takardun asibiti a wuri ɗaya tun ana lafiya, iyali kuma su san alamun nan uku kamar yadda mai ciwon ya san su.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma ba a yin sa da zazzaɓin da ya haɗu da shawara.