Ɗan Rakiya Da Ya Fi Ango Kwarjini

Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, in ka tambaye shi bayan shekaru abin da ya saura a zuciyarsa, galibi ba zai fara da ruwan da aka sha wahalar nema ba, sai ka ji ya ambaci Malam Zurƙe ɗan Muhamman yana murmushi, alhali kuwa ba dominsa aka ƙulla hikayar ba. Hikimar abin, a ganina, ita ce mawallafi yakan ƙare bayanin jaruminsa ƙaf, asalinsa da niyyarsa da aƙibarsa, har mai karatu ya rasa inda zai sa baki; amma ɗan rakiya, da yake a gurguje aka zana shi, sai ya zama kamar gonar da aka share rabi, kowa ya shuka abin da hankalinsa ya raya masa.

Mutanen Amurka suna da nasu misali mai ban al'ajabi. A cikin fim ɗin Star Wars na 1980 akwai wani Boba Fett, mai farautar mutane don lada, wanda kalamansa ba su taka kara sun karya ba, fuskarsa kuma kullum tana cikin kwalkwali, amma wannan shiru da wannan sutura su suka jawo masa masoya, har aka wayi gari a 2021 an shirya masa wasan talabijin da sunansa.

Tun a 1979 kamfanin Kenner ya yi alkawarin aika wa yara ɗan mutum-mutumin Boba Fett na roba mai harba roka daga baya, sa'an nan, saboda tsoron kada yaro ya haɗiye rokar ta shaƙe shi, aka manne ta kafin a rarraba, sai 'yan samfuri ƙalilan masu harbawa suka tsira a hannun ma'aikata. Game da hukuncin ajiye mutum-mutumi, malamanmu dai sun yi rangwame ga 'yar tsanar yara, bisa hadisin Nana A'isha. Ko rangwamen ya kai ga dattijo mai furfura da ke jera su cikin kabad na gilashi, wannan mas'ala na bar wa ma'abotanta. Abin da ke tabbas shi ne, a 2024 an yi gwanjon guda daga cikin samfuran nan, wanda tsawonsa bai kai inci huɗu ba, a kan fiye da dala miliyan ɗaya.