Sauya Lissafin Ƙwaƙwalwar Mota a Gida

Direbobin da suka yi zamani da Fijo 504 a hanyar Gumel zuwa Maigatari sun san cewa da sukudireba da kunne ake saita kafireto. A motocin yanzu kuwa, wata 'yar kwamfuta ce, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, take wannan aiki. A cikinta akwai jadawalin da ke ƙayyade yawan man da za a fesa wa inji, da lokacin da fulogi zai ba da wuta.

Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wani soket mai rami 16 kusa da sitiyari, watau OBD-II. Ta nan ne mai sha'awa kan haɗa kwamfutarsa, ya kwafe jadawalin, ya sauya, sa'an nan ya mayar.

Abin lura shi ne, da gangan kamfani yake barin rara a lissafin, saboda zafi da gurɓataccen mai. Daga wannan rara ake yanko ƙarin ƙarfin da ake nema. To, wanda ya matso da lokacin wuta, kuma ya sha man bumburutu a Sule Tankarkar cikin zafin Afrilu, man na iya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, har fistin ya lalace. A ganina wannan ciniki bai biya ba.

Idan kuwa batir ya yi sanyi ana tsakiyar rubutun, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa. Sai a nufi Ƙofar Ruwa a Kano neman wata, ita ma galibi sai an daidaita ta da makullin motar kafin inji ya tashi.