SAMMORE: CUTAR DA KE SHANYE JININ DABBA

Da yawanmu da muka fara da kaji ko kifi, in kuɗi ya ɗan taru sai mu ce bari mu turke sa ɗaya ko raguna biyu kafin babbar Sallah. To kafin ka zuba jarinka, ya kamata ka san sammore.

Mece ce ita?
Wata ƙwayar halitta ce mitsitsiya mai rayuwa a cikin jini, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Masana suna kiranta Trypanosoma, wato “jiki mai huda” a harshen Girka, saboda yadda take murɗawa tana kutsawa cikin jini. Iri uku suka fi addabar shanu a Najeriya: vivax, congolense da brucei. Dangin brucei ne ke sa wa mutum ciwon barci. Saboda wannan cuta aka kafa cibiyar bincike ta NITR a Kaduna tun zamanin Turawa.

Wa ke kawo ta?
Ƙudan tsando. Ya ciji dabba mai cutar, ƙwayar ta girma a jikinsa, ya je ya zuba wa mai lafiya. Tsando inuwa da danshi yake so, shi ya sa ya fi yawa a kurmi da bakin rafuka, irin dajin Yankari da sassan Neja, Binuwai, Taraba da kudancin Kaduna.

Wani zai ce, “Ai mu nan Bacirawa gonaki ne da gidaje, ina muka ga tsando?” Gaskiya ne, amma kasuwa fa? San da ka saya a Dambatta ko Wudil, ba ka san inda ya yi rani ba. Yana iya zuwa da cutar a jininsa. In ya iso, bobuwa da sauran ƙudaje masu cizo suna iya ɗaukar vivax a bakinsu su kai wa na kusa da shi, musamman da damina. Kuma shanunmu, Bunaji da Bokolo da Rahaji, ba su da juriyarta kamar Muturu da Ndama na kudu.

Alamomi
• Zazzaɓi mai zuwa ya tafi
• Rama, ko da kana ba da dusa da harawa yadda ya kamata
• Cikin fatar ido da dasashi su yi fari, alamar jini ya yi ƙasa
• Hawaye, kaluluwa a gaban kafaɗa, gashi ya tashi ya daina sheƙi
• Nono ya ragu, mai ciki ta yi ɓari

Sai dai a lura, ciwon hanta da tsutsar ciki da cututtukan kaska su ma suna kawo rama da ƙarancin jini. Gwajin jini ne kaɗai ke raba gardama.

Abin yi
1. A kasuwa, ɗaga fatar idon dabbar ka duba, ka tambayi dillali daga ina aka kawo ta.
2. Sabuwar dabba a ware ta mako biyu zuwa uku.
3. In ka ga alama, kira likitan dabbobi ya ɗebi jini. Maganin da aka sani shi ne diminazene (Berenil) da isometamidium (Samorin), kuma gwargwadon nauyin dabba ake yin allurar.
4. Kar ka raba maganin sa ɗaya wa shanu biyu don tsimi. Haka ƙwayar ke sabawa da magani har ya daina ci mata.
5. Berenil yana iya kashe raƙumi da kare, kar a gwada musu.
6. Bayan allura, a jira kwanakin da aka rubuta a kwali kafin a yanka ko a sha nono.
7. Kwashe kashi da jiƙaƙƙen ragowar ciyawa daga turke, nan ƙudan cizo ke hayayyafa.

Ribar turka ƙiba ce. Dabbar da sammore ke shanye wa jini, duk buhun dusar da ka zuba mata asara ce. A duba tun kafin a biya kuɗi.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, amin.