Gidan Wayar Intanet: Manhaja Kyauta Ce, Amma Wa Ke Gadinta?

A yau da yawa daga cikinmu 'yan kasuwar Maraɗi, Jibiya, Illela da Birnin Ƙonni ba mu ganin takardar farashin kaya daga Sin ko Dubai sai ta i-mel, haka ma takardun fiton kaya daga Kwatano da Lome. To sai dai kaɗan ne ke tambayar hannun wa wasiƙar ke bi kafin ta iso. Kowace wasiƙa sai ta sauka a wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ke karɓa tana rarrabawa kamar gidan waya, kuma da yawa daga cikin sabobin nan suna aiki ne da manhajojin da kowa ke iya ɗauka kyauta ya duba yadda aka rubuta su.

Kakarsu ita ce Sendmail, wadda Eric Allman ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta fito a 1983. A 1995 Philip Hazel ya fara Exim a Jami'ar Kambirij ta Ingila, sannan a ƙarshen 1998 kamfanin IBM ya saki Postfix, aikin Wietse Venema.

Kyautar kuwa tana da sharaɗi, shi ne lasisi. Exim tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ce kana iya amfani da ita, ka gyara, har ka sayar, amma in ka raba wa wasu wadda ka gyara, dole ka ba su asalin rubutun. Labarin qmail ya nuna mana nauyin wannan batu. Mai ita, Daniel Bernstein, ya yarda da ingancinta har a 1997 ya sa ladar Dala 500 ga duk wanda ya gano ɓaraka a cikinta, amma ya hana a raba wadda aka gyara sai da izininsa. Wannan ya sa masu haɗa manhajoji suka ja baya, kuma kafin ya sakar wa jama'a ita a 2007, kasuwa ta riga ta koma wani layi. A 2019 ƙididdiga ta nuna fiye da rabin sabobin i-mel da ake gani a intanet Exim ce ke tafiyar da su, musamman saboda tana zuwa tare da cPanel, wadda kamfanonin hayar shafuka ke amfani da ita.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Yunin 2019 aka bayyana wata mummunar ɓaraka a Exim, aka kuma fitar da faci nan take. Duk da haka, a watan Mayun 2020 hukumar tsaro ta NSA a Amurka ta yi gargaɗin cewa masu kutse na sojan Rasha sun daɗe suna shiga ta wannan kafa tun Agustan 2019, domin dubban masu saba ba su ɗora facin ba. Kuma kada a ce ta kuɗi ta tsira: a Maris ɗin 2021 an kutsa cikin dubban sabobin Exchange na Microsoft a duniya. Ke nan laifin ya fi komawa ga mai gadin da ya yi barci.

Ina ruwanmu da wannan? Wanda ya shiga akwatin abokin cinikinmu yana iya zama shiru yana karanta wasiƙu, sai ranar biya ya aiko da takarda iri ɗaya sak, lambar asusun banki kaɗai ya sauya. Hukumar FBI ta ce a 2023 kaɗai irin wannan zamba ta ci kimanin Dala biliyan 2.9 a ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa.

Don haka duk wanda ya buɗe adireshin i-mel da sunan shagonsa ko kamfaninsa, ya tambayi wanda ya haɗa masa: wace manhaja ce, yaushe aka sabunta ta, kuma an saka hatiman nan na SPF da DKIM masu tabbatar da cewa wasiƙa daga gare shi take? Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kan wannan, kuma wasiƙar da ba ta da ko ɗaya tana iya faɗawa kwandon shara. Sannan duk ranar da aka aiko mana cewa an sauya asusun biya, mu dakata, mu buga waya ta tsohuwar lambar da muka sani, mu ji muryar mai kaya kafin mu tura ko dala.